A Gama Ɗaki Biyu Kafin A Kwaso Iyali: Kira Ga Masu Gina Gidan Kansu A Tudun Adamawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Hausawa da sauran masu jin Hausa da ke zaune a Ngaundare da garuruwan tudun Adamawa na ƙasar Kamaru, musamman waɗanda suka taso daga Garwa da Marwa da Kuseri, suka sayi fili, suke gina gidan kansu da guminsu. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke tarewa a gidajen da ba su shirya karɓar iyali ba, a ƙasar da sanyinta da danshinta suka sha bamban da na wuraren da aka haife mu. Ni ɗan Garwa ne, kasuwanci ya kawo ni nan, kuma gidan da nake ciki yanzu ni na tsaya a kan gininsa tun daga haƙa harsashi har ranar da muka tare, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi a gidana da gidajen maƙwabtana.

Duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Ngaundare ya san wurin da mota take fara hawan dutse bayan an wuce Mbe, inda fasinja ke fara rufe gilashi suna laluben mayafi. Garwa tana kwance ne a kwarin Binuwai, tsayinta daga matakin teku bai wuce mita 250 ba, a watannin Maris da Afrilu kuwa zafinta yakan haura digiri 40. Ngaundare tana sama da mita 1,000, kuma abu ne sananne cewa duk hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kimanin digiri 6. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da sama take tas babu gajimare, ma'auni yakan sauka kusa da digiri 10 da asuba, sannan ya haura kusan 30 da azahar. Ruwan sama kuma yana farawa tun wajen Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma abin da ke sauka a shekara ya kai kimanin milimita 1,500, alhali na Marwa bai cika wuce 800 ba. Wato muna da sanyi iri biyu a shekara: busasshen sanyin hunturu mai tsaga leɓe da diddige, da kuma jiƙaƙƙen sanyin Agusta, lokacin da rana kan yi kwanaki ba ta fito sosai ba, wanki ya ƙi bushewa, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Waɗanda ke Banyo da Tinyer, kusa da dutsen Cabbal Mbabo wanda ya haura mita 2,400, sun fi mu sanin wannan.

Tun daga 1974 da jirgin ƙasa ya iso Ngaundare garin yake jan mutane, aka ƙara da jami'ar Ngaundare da ke Dang, sannan rashin kwanciyar hankali a yankin Arewa Mai Nisa da kuma ƙasar Afirka ta Tsakiya ya turo wasu dubban iyalai. Kowa ya zo da taswirar gidan da ya sani a cikin kansa. Mutumin Garwa ya saba gina gida don ya tsere wa zafi: taga babba a kowane bango don iska ta ratsa, ƙofa tana kallon ƙofa, banɗaki a can ƙarshen gida ba rufi, kwanciya kuma rabin shekara a tsakar gida ake yin ta, don haka ɗaki wurin ajiye kaya ne fiye da wurin kwana. Wannan tsari daidai ne a bakin Binuwai. Idan aka ɗauko shi yadda yake aka dasa a unguwar Bamyanga ko a hanyar Dang, iyali za su kwana a cikin ɗaki kusan kowane dare na shekara, kuma ɗakin nan an gina shi ne domin ya saki ɗumi da sauri.

Kakanninmu da fatauci ya kawo su wannan tudu tun ƙarni na 19 ba su yi wannan gardama da ƙasar ba. Sun san soro da azara da indararo tun daga Kano da Katsina, amma da suka ga yawan ruwan nan sai suka bar rufin ƙasa, suka koma jinka irin ta Mbum, waɗanda suka riga kowa zama a nan. Wanda ya taɓa shiga fadar Lamiɗon Ngaundare ya ga yadda jinkar ke da kauri, tana gangarowa har kusa da ƙasa, tana kare bango daga ruwa, ƙofofin kuma ba su da faɗi. Irin wannan ɗaki yana da sanyi da rana, yana da ɗumi da dare, domin ciyawa mai kauri da bangon ƙasa ba sa barin zafi ya wuce da sauri, ko shiga ko fita. Hausawa sun ce idan ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma ka nemo ka sa. Ba ina kira ne a koma jinka a cikin birni ba, domin gobara da tsadar ciyawa da gyaran kowace shekara sun isa dalili. Abin da nake so mu ɗauka shi ne aikin da jinkar take yi, mu nemi yadda kwano da siminti za su yi mana irinsa.

Mu dubi yadda talaka yake gina gida a nan. Ba bashin banki ba ne, ba kuma ɗan kwangila ba. Riba ce ta shago, da kwasar adashi, da kuɗin sa ɗaya da aka sayar bayan an yi kiwo, da taimakon ɗan'uwa da ke Duwala ko Yawunde. Bana a buga bulo, baɗi a ɗaga gini zuwa linta, shekara ta uku a sa kwano. Ranar da kwano ya hau, zuciyar mai gida takan gaya masa cewa an gama, maƙwabta su fara yi masa barka, dangi su fara tambayar ranar walima. Ɗan abin da ya rage a aljihu sai ya tafi ga ƙatuwar ƙofar ƙarfe ta waje, da fentin gaban gida, da tayil ɗin falo, wato abubuwan da baƙo ke gani. Silin, da gilashin taga, da toshe ratar da ke tsakanin bango da kwano, da daɓe mai hana danshi, duk sai a ce za a yi su daga baya in an tare. Na san gidaje da yawa a unguwarmu da wannan “daga baya” ta shekara biyar ba ta zo ba, domin da zarar iyali sun shiga, kuɗin makaranta da na magani da na cefane ba sa barin komai ya taru.

A cikin waɗannan abubuwa da ake jinkirtawa, silin ne ya fi muhimmanci, kuma shi ne aka fi rainawa, ana ganin ado ne na masu hali. Kwanon alminiyom da yawancinmu ke rufi da shi ƙarfe ne siriri da zafi ke ratsawa nan take. Da rana yana gasa ɗaki. Da dare, musamman daren hunturu da babu gajimare, yana sakin zafinsa zuwa sama har ya fi iskar waje sanyi, iska mai ɗumi ta ɗaki kuma, wadda dabi'arta ce ta tashi sama, sai ta taɓa shi ta huce ta gangaro kan masu barci. Tururin numfashin mutane ma idan ya taɓa kwano mai sanyi yakan koma ruwa, shi ya sa ake jin ɗigo a kan bargo da asuba alhali ba a yi ruwa ba, mai gida ya kira kafinta yana neman inda kwano ya huje. Silin na katako mara kauri ma ya isa ya raba ɗaki da wannan sanyi, domin iskar da ke tsare a tsakaninsa da kwano ita ce take yin aikin bargo. Wanda bai da kuɗin katako, zana ko asabari da aka ɗaure da kyau sun fi babu nesa ba kusa ba, muddin an bi wayar lantarki ta cikin bututu saboda gobara. Ratar da ke ƙarƙashin kwano kuma, wadda a Garwa ake barinta da gangan don ɗaki ya sha iska, a nan ya kamata a cike ta a ɗakunan kwana, a bar ƙananan kafofi masu raga a saman silin don katakon rufi ya riƙa bushewa.

Bayan sama sai ƙasa. Wata bakwai na ruwa suna cika ƙasar nan da danshi, bulo da siminti kuwa suna tsotsar ruwa daga ƙasa zuwa sama. Alamar ita ce baƙin layi a gindin bango, da fenti mai kumbura yana ɓarewa, da warin ruma da ba ya fita ko an kunna turare. Maganin wannan ba shi da tsada idan an yi shi a kan lokaci, bayan an gama gini kuwa yana da wuya ƙwarai. A ɗaga daɓen ɗaki sama da tsakar gida da kamar taki biyu na matakala, a yi harsashi da dutse, wanda Allah ya hore mana shi a kowane gefen garin nan, a zuba tsakuwa, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren daɓe, a kuma sa irin wannan ledar a kan harsashi kafin layin bulo na farko. Bakin kwano ya fito waje da bango aƙalla rabin mita, a yi wa ruwan rufi hanyar da zai bi ya bar gindin gida. Na ga magina da ke tsallake ledar nan suna cewa ɓata kuɗi ne, wanda hakan gaskiya ne a inda suka koyi sana'ar, amma mai gida a nan ya dage a sa masa ita, ya kuma tsaya ya ga an sa.

Akwai wani ruwan kuma da mu da kanmu muke zubawa a cikin gida. Buhun siminti mai kilo 50 yana shan ruwa lita 25 ko fiye wajen kwaɓi, ban da wanda ake yi wa bulo da kankare ban-ruwa da shi, wanda shi ma wajibi ne na aƙalla mako guda, domin kankare sai ya kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da ake lissafi da shi. Wani ɓangare na ruwan nan yana zama cikin simintin, sauran kuwa dole ya fita ta iska, kuma fitarsa tana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Mutum ya lissafa buhunan da suka shiga filasta da daɓen gidansa, zai ga ganga nawa na ruwa ke cikin bangon da yake shirin jingina gadon 'ya'yansa. Bango mai danshi ya fi busasshe sanyi, kuma a kansa fumfuna ke tsirowa, ita kuwa tana tayar da tari da asma. Saboda haka lokacin tarewa ma abin shawara ne. Wanda ya yi filasta a Nuwamba ko Disamba, ya bar tagogi a buɗe iskar hunturu ta busar masa da gida kyauta, ya tare a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, ya shiga busasshen gida a lokacin da sanyi ya karye, damina kuma ba ta kankama ba. Wanda ya yi filasta a Yuli ya tare a Agusta ya haɗa wa iyalinsa danshin gini da danshin damina. Fentin mai ma a jinkirta shi, a fara da farar ƙasa, domin ita tana barin bango ya ci gaba da fitar da ruwansa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ga wajibi ne in rubuto wannan wasiƙa. Idan iyali suka shiga gida mai sanyi irin wanda na kwatanta, uwar gida ba za ta zuba ido tana kallon 'ya'yanta suna rawar ɗari ba. Abin da ta sani shi ne kasko. Za ta hura gawayi, ta shigar da shi ɗaki, ta toshe taga da buhu ko kwali, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ta rufe, a kwanta. A tsohon ɗakin jinka an daɗe ana yin haka ana kwana lafiya mafi yawan lokuta, domin iska tana ratsa ciyawa. A ɗakin siminti da aka toshe ko'ina kuwa, gawayin da ke ci a hankali cikin ƙarancin iska yana fitar da guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi, wanda muke ɗauka ya zama lafiyayye, bai daina fitar da ita ba. Idan ta shiga huhu tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jini ya riƙa zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Mai barci ba ya farkawa ya gudu, barcin ne yake ƙara nauyi. Kuma a nan ya kamata a lura da kyau: wanda ya bi shawarata ya sa silin da gilashi, ɗakinsa ya fi na da riƙe wannan guba, don haka gyaran ɗaki da fitar da kasko tare suke tafiya.

Alamomin farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da mutuwar jiki, kuma yawanci duk waɗanda suka kwana a ɗakin ne suke tashi da su tare. A nan ne al'adarmu take rufe mana ido. Idan iyali suka tare a sabon gida, suka fara tashi kullum da ciwon kai, yaro ya suma da asuba, abin da ake fara cewa shi ne zazzaɓin cizon sauro, idan magani bai yi ba sai a ce gidan yana da iska, ko an yi masa sammu, ko filin tsohuwar maƙabarta ce. Na san wani bawan Allah a kusa da mu da ya kusa sayar da gidan da ya shekara da shekaru yana ginawa saboda irin wannan magana, har sai da wani ma'aikacin jinya ya tambaye su abin da suke kwana da shi a ɗaki. Ina girmama addu'a, kuma ni ma sai da aka yi saukar Alƙur'ani a gidana kafin mu kwana a ciki, amma addinin da ya koya mana addu'a shi ne ya umarce mu da kashe wuta kafin barci. Duk wanda ya tarar da mutanen ɗaki ɗaya a cikin wannan hali, ya buɗe ƙofa da taga, ya fitar da su sarari, ya garzaya da su asibiti inda za a sa musu oksijin, kada ya tsaya jiƙa magani. Janareta ma haka yake, har ya fi kasko haɗari: ba a kunna shi a zaure ko a baranda mai rufi ko a gindin tagar ɗakin kwana don tsoron ɓarawo.

Hanyoyin ɗumama ɗaki ba tare da wuta a ciki ba suna nan, kuma ba su da kuɗi. A ɗora jan bulo ko dutse a gefen murhu lokacin girkin dare, a naɗe shi da tsohon zane a sa a ƙasan shimfiɗa. A zuba ruwan zafi a jarka mai murfi a naɗe ta, a ajiye wajen ƙafa, nesa da fatar jariri. A ɗaga katifa daga kan siminti ko da a kan katako ne, a shimfiɗa tabarma da darduma a tsakar ɗaki, a rataya labule mai kauri, a sa wa yara hula da safa. A buɗe tagogi da hantsi rana ta shiga, a rufe su tun la'asar sakaliya kafin ɗumin yini ya gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin ƙa'idojinta na gidaje da lafiya na 2018, ta ba da shawarar kada ɗumin cikin gida ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi, kuma ita ce ta ba da rahoton cewa ciwon huhu na limoniya ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 700,000 a duniya a 2019. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo limoniya, amma hayaƙin cikin gida da cunkoso a ɗaki ɗaya suna daga cikin abubuwan da ke buɗe mata ƙofa, mu kuwa sanyi ne ke tara mu a ɗaki ɗaya kusa da wuta.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a majalisa: kuɗin haya yana cin mutum, mai gidan haya ya ba da wa'adi, wanda ke biyan haya yana kuma sayen siminti yana ɗauke da kaya biyu ne, gara ya shiga nasa ko yaya yake. Wannan magana gaskiya ce, kuma ban raina ta ba, domin ni ma na ɗauki wannan nauyi. Ba ina cewa a jira sai an gama gida duka ba. Shawarata ita ce a sauya tsarin kashe kuɗin. Maimakon a ɗaga ɗaki shida lokaci guda a rufe su duka a shiga babu ko ɗaya da ya kammala, a zana gidan gaba ɗaya, a zuba harsashinsa, sannan a zaɓi ɗaki biyu da banɗaki da madafa a gama su ƙarƙaf: daɓe mai leda, filasta da ta bushe, silin, taga mai gilashi da raga, ƙofa mai rufuwa ba rata. Sauran ɗakunan su jira, falo ya jira, katanga ma ana iya farawa da zana ko tsohon kwano. Ni haka wani dattijon magini ya ba ni shawara, na bi, kuma har yau rabin gidana bulo ne tsirara, amma inda yara ke kwana a gama yake. Wanda ya yi haka yakan riga mai ɗaki shida barin haya, domin kuɗin kwano da katakon ɗaki huɗu sun fi ƙarfin kammala ɗaki biyu.

Ina so kuma in yi wa ƙasa adalci, domin mun mai da ginin ƙasa alamar talauci. Bulon siminti mai rami, wanda ake bugawa da yashi mai yawa don buhu ya haifi bulo da yawa, ba ya riƙe ɗumi kamar bangon ƙasa mai kauri, wanda ke shan zafin rana a hankali ya sake shi cikin ɗaki da dare, daidai lokacin da ake bukatarsa. Jar ƙasar tudun nan tana yin tubali mai kyau. Gwamnatin Kamaru ta kafa hukumar MIPROMALO tun 1990 domin bunƙasa kayan gini na gida, kuma daga cikin abin da take koyarwa akwai bulon ƙasa da ake matsewa da inji bayan an gauraya shi da ɗan siminti kaɗan. Bangon ƙasa a nan bukatarsa biyu ce, harsashin dutse da ya ɗaga shi daga danshi da kuma bakin kwano mai faɗi da zai kare shi daga feshin ruwa, sai kuma a kula da gara wajen katako. Wanda ya yi ɗakunan kwanansa da irin wannan bulo ya rage buhunan simintin da ake ɗauko masa daga Figil, ya kuma sami ɗaki mai ɗumi.

Fuskar gida ba ta cin ko sisi, amma sai an yi tunaninta kafin a ja igiya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadari kuma galibi daga gabas yake tasowa, ita kuwa rana a watannin sanyi ta kudu take karkata. Saboda haka manyan tagogin ɗakin kwana su kalli kudu, bangon arewa da na gabas su sami ƙananan tagogi, kuma a wannan gefen ya kamata a jera sito da madafa su tare wa ɗakunan iska. Wajen wannan shawara a zauna da matan gida, domin su ne suke fita da asuba su ɗora ruwan zafi, su ne suke wankan jego, su ne suke yi wa yara wanka kafin makaranta. Banɗaki mara rufi a ƙarshen fili, wanda mace mai jego za ta taka zuwa gare shi cikin ruwan Agusta, ba adalci ba ne. A kawo shi kusa, a rufe shi, a yi wa madafa rufi da hanyar fitar hayaƙi, a kuma bar wata rumfa da za a shanya kaya idan rana ta ƙi fitowa. Mu maza mun cika zana gida daga ƙofar waje zuwa falo, alhali mafi yawan zaman gidan ba mu ke yin sa ba.

Takardu ba zan tsaya a kansu ba, illa in tuna wa 'yan'uwa cewa takardar sayen fili da aka yi a gaban mai unguwa ba ita ce takardar mallaka ta hukuma ba, kuma dokar tsara birane ta 2004 ta wajabta izinin gini. Na kawo wannan ne domin ofishin da ke ba da izinin shi ne wuri ɗaya da mai gini yake haɗuwa da masanin gini, kuma ina roƙon magajin garin Ngaundare da na sauran garuruwan Adamawa su riƙa haɗa wa mutane da takarda ɗaya, da Fulatanci da Hausa da Faransanci, mai bayanin leda da silin da haɗarin gawayi.

Ina roƙon limamanmu su ware huɗuba ɗaya a farkon Disamba su yi magana kan kasko da janareta, domin maganarsu tana shiga gidajen da ma'aikacin lafiya ba ya shiga, kuma idan aka kira su saukar Alƙur'ani a sabon gida, su ɗaga kai su dubi rufin ɗakin yara, su faɗa wa mai gida gaskiya cikin hikima. Ina roƙon shugabannin magina da kafintoci su gaya wa yaransu, musamman waɗanda suka zo daga ƙasar zafi, cewa ginin nan yana da nasa sharuɗɗa. Dangi da abokai da ke shirin kai gudummawar tarewa, su tambayi mai gida ko ya sa silin, idan bai sa ba su haɗa masa kuɗin katako da barguna a madadin agogon bango da kujeru. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinku ya zagaya sababbin unguwannin Ngaundare da Maiganga da Tibati da Banyo a cikin hunturun nan, ya zanta da magina da ma'aikatan jinya da matan da suka tare bana, ku buga abin da ya gani kafin masu gini su fara sa ranar tarewa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka, ya sa kowa ya shiga gidansa lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku,
Ngaundare, Yankin Adamawa, Kamaru.